Ƙafar Bashiru da zakaran da ba a karya ba

Matso kusa, mai karatu, ja tabarma ka zauna, ina da maganar da ta daɗe tana cin raina. Shekara tara ke nan, a irin wannan lokaci na ban ruwan alkama, da maza suka ɗauki ƙanena Bashiru daga ƙofar ɗakin Innarmu suka tafi da shi inda ba a dawowa. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba ne. Manomi ne a wani ƙauye arewa da Sinnar, bakin tura'a, babbar magudanar da ke ɗauko ruwa daga madatsar Makwar. Da ba don abin da ke kwance a rumfata yanzu ba, da na yi masa addu'a kamar kowace shekara, na raba sadakar waina, na yi shiru. Amma ɗansa Mustafa yana nan kan angarib, gadonmu na igiya, ƙafarsa cikin zobban ƙarfe, kuma yana faɗin irin maganar da ubansa ya taɓa faɗi. Shi ya sa na ce bari in amayar.

Wanda bai san yankinmu na Jazira ba zai ce ruwa ya yi mana yawa. Ga kogi, ga tura'a kamar hanyar mota. To amma ruwan da ke shiga gona ta ƙaramin lambatu yake bi, wanda muke kira abu ishirin, kuma bi da bi ake sha. Mai hawasha, wato gonar da aka yanka wa mutum, in tana bakin lambatu shi ne sarki. Wanda tasa take can wutsiya, sai abin da aka rage masa. Ta Bashiru a wutsiya take. Ta maƙwabcinmu Jibo a baki take. Masallacinsu ɗaya, kuma ni da Lanti matar Jibo turmi ɗaya muke daka.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya yi ƙaranci. Jibo ya datse lambatu da laka, ya sha rabonsa, ya zarce da na wasu. Audugar Bashiru ta fara sunkuyar da kai. Da hantsi Bashiru ya tafi ya sa hannu yana buɗe datsiyar, yana duƙe, ƙafarsa ta hagu a gaba. Jibo ya zo da korek, shebur ɗin nan namu mai kaifin baki. An ce magana biyu kawai suka yi. Ta uku korek ya yi ta.

Ni ban ga saran ba, na ga abin da ya bari. A kan karon jaki, wato amalanke, aka kawo shi, jini na bin katako yana ɗiga tun daga gona har ƙofar gida, kaji na binsa suna tsattsaga. Ƙashin ƙwaurinsa ya huda fata ya fito, fari fat kamar ɓararren rogo, lakar lambatu ta cika ramin. Bai yi kuka ba. Haƙoransa kawai ke kaɗawa, yana cewa, "Yaya Kulu, rufe, kar Inna ta gani." Inna kuwa tana tsaye a kansa.

A wancan lokaci, in ka ce asibiti, abin da kunnenmu ke ji shi ne zarto. Kowa ya san wani da ya tafi da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Don haka Inna ta aika garin Abu Na'ama aka ɗauko Baba Tunau maɗori. Kuma kar ka ji na ambace shi ka zaci zaginsa zan yi. Mutumin nan ya ɗora hannaye da ƙafafu da ba su ƙirguwa, sun kuma kama. Sai dai waɗancan karaya ce a rufe. Tamu a buɗe take, da laka a ciki.

Maza huɗu suka danne Bashiru. Baba Tunau ya taka cinyarsa, ya kama diddige ya ja. A nan ne ƙanena ya yi ƙarar da har yau in jaki ya yi kuka da rana sai gabana ya faɗi. Aka mayar da ƙashi ciki, aka jera kara, aka ɗaure. Sannan tsohon ya ce a kawo zakara, kamar yadda kakanninmu suka zo da al'adar tun daga yamma. Aka kamo wani ja. Ya riƙe ƙafarsa ta hagu tsakanin yatsu, ƙas, ya karya. Ya ɗaure ta da ragowar tsumman da ya ɗaure Bashiru, ya ce, "Ku kula da wanga kamar ɗiyanku. Randa zakara ya taka, mai ƙafa shi taka." Ya sha jabanarsa ta gahawa ya koma gida.

Zakara kuwa bai daɗe ba. Wata safiya sai ga shi ya sauke ƙafa, ya yi taku, ya bi wata kaza da gudu. Mata suka rangaɗa guɗa. Maza suka shigo suna barka. Bashiru ya ce shi fa yana jin abu na motsi a ciki. Kawunmu ya ce, "Kai, ragon banza! Zakara ya fi ka zuciya?" Aka kwance kara, aka ɗaga shi ta hammata, aka ce bisimilla, aka sake shi. Ƙwaurin ya lanƙwashe a tsakiya kamar ɗanyen kara. Ciwon ya tsage, ƙashin ya sake leƙowa, wannan karon da ruwan mugunya. Ba wanda ya yi don mugunta. Abin da muka gada ke nan, kuma ba wanda ya taɓa gaya mana cewa ƙashin kaza da na ƙato mai 'ya'ya ba tafiyarsu ɗaya ba.

Dattawa sun zauna, an yi sulhu. Jibo ya kawo rago, ya ce sharrin shaiɗan ne. Aka ɗaga hannu aka yi Fatiha. Ina leƙe ta katanga, na ga hannun Bashiru bai tashi daga cinyarsa ba.

Shekara uku ƙafar nan ba ta kama ba, ba ta kuma mutu an huta ba. Ta yi wata gwiwa ta biyu a tsakiyar ƙwauri. In ya ɗaga ta, sai ƙasan ya yi reto. Rami ɗaya bai taɓa rufewa ba, yana zubar da ruwa mai wari, lokaci lokaci ya tofo ɗan guntun ƙashi kamar ƙayar kifi. Da guntayen suka yi ta fita, ƙafar ta gajarce da faɗin yatsu huɗu. Mutumin da ke ɗaukar buhun dawa shi kaɗai ya koma jan gindi zuwa bayan gida. Sai ya sa aka saro masa reshen bagaruwa. Muka ce madalla, sandar dogarawa zai yi. Ya fere ta, ya bar mata kai kamar dunƙulen hannu, yana kankare ta da fasasshen kwalba, yana shafa mata man riɗi. Gajera ce. Ba a dogara irinta. Na ce, "Bashiru, wannan ta mece ce?" Ya ce, "Ta Jibo ce. Ajiya nike mishi."

Zakaran nan kuma ya zama ɗan sarki a gidanmu. Inna ta hana a yanka shi, ta ce ransa da ƙafar ɗanta a ɗaure suke. Shi ake fara watsa wa dawa. Ya yi ƙiba, ya yi zanko, ya riƙa zuwa har gaban angarib ɗin Bashiru yana buɗe fiffike yana cara. Bashiru ya ce, "Ɗan banza, kai ka warke ka bar ni, kuma ka zo kana mini kirari?" Mu yi dariya, shi bai yi ba. Rannan da azahar, zakara ya hau ƙafar gadon ya buɗe baki. Kulkin bagaruwar nan ya tashi. Kan zakara ya fashe a jikin katanga, gangar jikin tana ta tsalle a tsakar gida, jini na feshi a kan kwanukan da na wanke. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati. Ta ce shi ke nan, ya kashe ƙafarsa da hannunsa, yanzu ko likita ya yanke, mushe zai yanke. Ka ji yadda aka yi muka samu izinin zuwa asibitin Madani. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Likitan farko ya duba hoton ƙashi ya ce a yanke daga ƙasan gwiwa. Bashiru ya ce a mayar da shi gida ya ruɓe. Sai aka haɗa mu da wani, siriri, mai yawan dariya. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Larabci a hankali, kamar mai koya wa yara. Ya ce bakin ƙashin nan biyu sun mutu, gawa kuwa ba ta kama gawa. Zai yanke mataccen ya zubar. Sannan ya hau sama, inda ƙashi ke da rai, ya sake raba shi biyu. Zai soka wayoyi su ratsa ƙafar, su fito ta ɗaya gefen, ya ɗaure su a zobban ƙarfe. Daga nan kullum a riƙa jan ƙashin kaɗan kaɗan, sabo yana tsirowa a gibin da aka bari, har ya sauka ya tarar da ɗan'uwansa, har tsawon da ya ɓace ya dawo.

Bashiru ya ce, "Wato kai ma maɗori ne. Karya ni za ka sake yi."

Ya ce, "Na'am, sai dai ni ba ni da zakara." Don na riga na ba shi labari. Sannan ya daina dariya, ya ce, "Ya zol, bawan Allah, aikin nan ya fi shekara, kuma za ka zage ni, ka zagi wadda ta haife ni. Yankewa ta fi sauƙi. Me ya sa kake son ƙafar nan haka?"

Bashiru ya ce, "Akwai wanda nike son kai ma ziyara da ƙafata."

Likita ya ce ma sha Allah, zumunci abu ne mai kyau. Ni na sunkuyar da kai.

Da aka fito da shi daga ɗakin aiki, matarsa Saratu ta ɗaga mayafi ta ga ƙafar, sai ta zube. Ban ga laifinta ba. Zobba huɗu kamar bakin tukunya, wayoyi sun shiga nama ta nan sun fita ta can kamar tsire, kowane rami da ɗigon jini. Likita ya dube ni ya ce, "Ke fa, Hajja?" Na ce ni na wanke ramin nan shekara uku, ƙarfe ba zai kore ni ba. Ya ba ni 'yar sifana, ya nuna mini notuna, kowanne an ɗiga masa jan fenti a gefe ɗaya don kar in ɓata. Sau huɗu a yini, juyi kaɗan. Na ɗaura abin da lokutan salla, la'asar kaɗai ke hutu. Ya ce duk wahalar yini guda, abin da ƙashi zai ƙaru bai wuce kaurin ƙwayar riɗi ba. Kar in ƙara don sauri, jijiya za ta tsinke. Kar in tsallake don tausayi, ƙashi zai daskare a inda ya tsaya, ƙafar ta zauna gajera har abada.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma ba su faɗi abin da ake ji a hanya ba. Juyin kansa ba ya da zafi sosai. Bayansa ne. Nama da jijiya da fata duk ana jan su, ba su kuwa yarda ba. Wayoyin suna yanka fata a hankali yayin da suke sauka, suna barin layi kamar sawun garma. Ramukan su kumbura, in matse, in wanke da ruwan gishiri, yana cizon matashin kai har auduga ta fito. Rannan ya kai mini gwiwar hannu a baki, leɓena ya fashe, haƙorina na gaba har yau yana girgiɗi. Wata rana na tarar ya samo filaya yana ƙoƙarin zare waya da kansa, jini har ƙasa. Na fizge, na ce, "In ka cire, Jibo ya gama da kai ke nan." Ya saki. Ka ga, da sunan Jibo nake lallashinsa, kuma sunan nan ne ke hana ni sukuni.

Domin kulkin yana ƙarƙashin gado. Duk juyin da na yi, na san ƙafar da nake ginawa da inda za ta. Da safe in juya noti, da hantsi in tafi daka in tarar da Lanti da goyonta, tana tambayata, "Kulu, ya mai jiki?" In ce da sauƙi. Sau da yawa na zauna da sifana a hannu ina tunanin in bari kawai, in ce na juya. Ya zauna da 'yar gajerar ƙafarsa, a sa masa takalmi mai tudu, kowa ya tsira. Amma in na ɗaga ido na ga yadda yake kallon jan fentin nan kamar mai azumi yana kallon rana, sai hannuna ya juya da kansa. Ciki ɗaya muka fito. Ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Ana tsakiyar haka aka koma Madani aka ɗauki hoto, likita ya ce sabon ƙashin yana jinkiri. A hoton kamar hayaƙi yake, bai yi kauri ba. Labari ya kai kunnen Inna. Washegari sai ga ta da ɗan zakara fari, matashi, ko cara bai iya ba. Ta zauna gaban angarib, ta ce aikin likita daban, na kakanni daban, tun farko don ba a yi wa ƙarfen nan zakara ba ne ya sa yake nawa. Ta kama 'yar ƙafar tsakanin yatsu. Bashiru ya miƙo hannu ya riƙe wuyan hannunta.

"Inna, bar shi."

"Don lafiyarka ne, ɗan nan."

"Bar shi, Inna. Mi ya yi? Karyayyar ƙafa guda ta ishi gidan ga."

Ta saki, zakara ya yi waje yana kyarkyara. Ni kuwa zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina an zo wurin. Da Inna ta fita na ce, "Ashe kana jin tausayin kaza. Na mutum fa?" Ya juya fuska bango ya ce, "Kaza ba ta datse mini ruwa ba." Da yamma na ji ƙamshin man riɗi. Yana shafa wa kulki.

Hayaƙin nan dai ya zama kunu, kunu ya zama tuwo, tuwo ya zama dutse. Ya fara takawa da zobban a jikinsa, yara na binsa suna cewa ga mai ƙafar injin. Ranar cirewa aka kwance zobba, aka kama wayoyi da filaya ana zarowa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana fita da ƙugi. Likita ya kwantar da shi ya haɗa dugadugansa biyu, ya kira ni ya ce, "Hajja, zo ki ga aikinki." Sun yi daidai. Na yi kuka a wurin, kuma ni kaɗai na san kukan kashi biyu ne.

Bai yi gaggawa ba. Ya jira har ya yar da sandar dogarawa, har ya iya ɗaukar tulu. Wata safiya ina tankaɗe, na ga ya fito ya wuce ni ba sallama, hannunsa a bayan riga. Na leƙa ƙarƙashin gado, wayam. Ni da ba na wuce unguwa sai biki ko rasuwa ko asibiti, na ja tobina na lulluɓi ko takalmi ban sa ba, na bi shi. Tafiya yake ba ɗingishi, ni ina gudu ina haki, ina kallon ƙafar da na gina tana cin ƙasa.

Jibo yana bakin lambatu, a duƙe, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya ɗago ya gan shi, bai ma yi yunƙurin gudu ba. Kar in yi maka ƙarya, mai karatu, in ce ƙanena waliyyi ne. Ya dake shi. Naushin farko ya zubar masa da haƙora biyu. Ya shaƙe shi ya jefa cikin ruwa, ya bi shi, ya danna kansa cikin laka, ya ɗago, ya sake dannawa, yana cewa, "Sha! Ba ruwa kake so ba? Sha rabona!" Ruwan ya yi ja. Ina ihu ina jan rigarsa, ya ture ni na faɗi zaune. Ya jawo Jibo kan gaɓa kamar buhu, ya taka idon sawunsa da sabuwar ƙafar, ya miƙar da ƙwaurin a kan tudun datsiya. Ya ɗaga kulki da hannu biyu.

Na rufe ido ina jiran ƙas ɗin nan da na sani. Ban ji ba. Da na buɗe, yana tsaye, kulki a sama, yana kallon ƙwaurin Jibo, siriri, baƙi, da laka, yana rawa. Ya daɗe a haka. Sai ya juya ya rafka wa ƙofar ƙarfen da ke tare ruwa, ya sake, ya sake, har kulkin da ya yi shekaru yana shafa wa mai ya tsage biyu. Ya jefa cikin tura'a. A hanyar gida, da muka kusa, ya ce, "Yaya, na san abin da ke ciki. Na gan shi a hoto. Ko kare ba ni iya yi ma haka."

Ba su zama abokai ba, kar ka zata. Sallama ce kawai a ƙofar masallaci. Amma daga ranar, duk inda aka ɗaga korek a bakin lambatu, sai a ce a kira Bashiru. Ba wa'azi yake yi ba. Shiga tsakani yake, ya naɗe wando, ya nuna musu ƙwaurin nan mai ramuka da layuka kamar gonar da aka yi wa huɗa, ya ce, "Ku duba da kyau. Sara guda ne wanga. Wa ke so?" Sau da yawa hannu ya sauka. Shekaru yana haka, har ranar da ya shiga tsakanin wasu 'yan wa da ƙane a kan ruwan alkama. Ya duƙa zai naɗe wando, saran da aka kai wa wani ya same shi a ƙeya. Kafin mota ta kai Sinnar ya cika.

Jibo yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da aka gama ya tsaya daga bakin zaure, bai shigo ba, ya ce a kira ni. Da bakinsa mai gibi ya ce, "Kulu, na haɗa ƙafafunsa a likkafani. Dugadugan sun yi daidai." Iyakar maganar da ta taɓa shiga tsakanina da shi ke nan.

To yau da Bashiru zai ɗaga kai ya ga Jazira, me zai ce? Shi da ya sha wahalar nan duka a kan saran korek ɗaya. Yaƙi ya bi ta kanmu. Lambatun da aka zubar da jini dominsa ya yi wata da watanni a bushe, ciyawa ta cinye shi. Asibitin da aka gyara shi mun ji an watse. Yanzu ƙafa ba a sara take karyewa ba, yaro ne da bai kai Mustafa ba zai motsa yatsa a kan bindiga daga nesa. Ina jin da zai naɗe wandonsa a gabansu, dariya za su yi kafin su harbe ɗayar.

Haka suka yi wa ɗansa. Masu bindiga suka shigo gari da rana tsaka suna kwasar abin da suka ga dama. Suka kama babur ɗin Mustafa, ya riƙe kan babur ɗin bai saki ba. Ɗaya ya sauke bakin bindiga ya harbi ƙwaurinsa, na dama. Ƙashin bai karye ba, rugujewa ya yi. Muka gudu da shi a kan karo, muna ɗaure ƙafar da kara kamar zamanin Baba Tunau, don babu likita ko na ido. Ta ruɓe, ta gajarce. Sai bayan an daɗe muka kai wani gari can gabas, aka samu mai irin aikin nan. Da ya fara yi mini bayanin noti, na buɗe bakin zanena na fito da tsohuwar sifanata. Ya ce, "Hajja, ina kika samu wannan?" Na ce gado ce.

Mun dawo gida yanzu. Inna ta rasu, Saratu har yau ba ta iya kallon waya a nama, don haka ni ce dai. Mustafa Larabci ya fi yawa a bakinsa, amma abin da yake faɗi ba ya bukatar tafinta. Abokansa na zuwa su zauna a bakin gado suna nuna masa hotuna a waya, suna ƙus ƙus. Ya ce ranar da aka cire ƙarfen nan, ba gona za shi ba. Bindiga zai ɗauka.

Makon jiya Lanti ta shigo, ta tsufa, Jibo ya riga mu gidan gaskiya. Ta zo da ɗan zakara a hammata, ta ce, "Kulu, na san ba ki yarda da shi ba, amma a gwada, yaron nan shi tashi." Don kar in kunyata ta na karɓa. Na riƙe 'yar ƙafar tsakanin yatsuna, ina jin zuciyarsa na bugawa a tafina, na dubi Mustafa. Jira nake in ji maganar ubansa. Ya ce, "Karya, Gwaggo. In zai sa in tashi da wuri, karya duka biyun."

Na saki zakara. Na zauna na ba shi labarin nan duka, kamar yadda na ba ka, har kulkin da ya tsage. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Baba ya san ƙofar gidan Jibo. Ya san fuskarsa. Ni wanda ya harbe ni fuskarsa a rufe take. Duk wanda na samu cikinsu, shi ne."

Me ya rage na Bashiru? Hawashar tana hannun wasu. Kulkin ruwa ya tafi da shi. Waɗanda ya raba faɗansu da yawa sun watse, wasu sun mutu. Abin da na san ya rage shi ne mutum ɗaya ya taɓa ɗaga hannu a kan ƙashin maƙiyinsa, yana da iko, yana da dalili, ya tuna abin da ke ciki, ya fasa. Ba wanda ya koya masa. Zobban nan ne suka koya masa, ƙwayar riɗi bayan ƙwayar riɗi, kuma sai a ranar ƙarshe karatun ya kama. Mustafa yanzu ya fara. Wataƙila ciwon bai gama yi masa magana ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ban sani ba wane gudun zai gada, na zuwa bakin lambatu ko na dawowa.

Ga ladan can yana gyara murya, azahar ta yi. Yaron ya riga ya yaye mayafi, yana kallon jan fenti da idon ubansa sak. Saura yatsu biyu ƙafar ta cika. In na tsaya a nan, zai yi ɗingishi har tsufansa, ba rundunar da za ta karɓe shi, zai zauna a gabana da ransa yana tsine mini. In na ci gaba, zai miƙe daidai kamar Bashiru, ya tafi inda ba zan iya binsa da gudu ba takalmi ba. Kai da ka zauna ka saurare ni har nan, sifana na hannunka, ɗan ƙaninka ne a kwance: za ka juya, ko za ka bari?